Kwamfutar tebur mai tsada: kayan cikinta sun kai kuɗinta?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko kwamfutocin teburin nan masu ɗan karen tsada kayan cikinsu sun kai kuɗin da ake sa musu, ko kuwa suna kawai mutum yake saye. Na daɗe ina haɗa kwamfuta da hannuna, na kuma taɓa sayen haɗaɗɗiya daga kamfani har sau biyu, to ga abin da na gani.

Kafin ka yanke wa kowace hukunci, ɗauki biro da takarda. Rubuta kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya: firosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi), katin hoto (mai sarrafa abin da ke fitowa a allo), RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi), SSD (ma'ajiyar fayiloli), madabod (faifan da sauran kayan ke hawa kansa), akwatin wuta (mai raba musu lantarki), har da gidan da aka zuba su. Nemi farashin kowanne in shi kaɗai za ka saya, ka tara. Ratar da ke tsakanin jimillarka da kuɗin kamfani, ita ce maganar. Sai ka tambayi kanka me aka ba ka a madadinta.

A wurin lissafin nan ne za ka fara ganin inda gizo ke saƙa. Za a rubuta maka sunan firosesa, Core i9 ko Ryzen 9, da manyan baƙaƙe, a kawo sunan katin Nvidia, amma in ka zo kan akwatin wuta sai ka ga an ambaci yawan wat kawai, ba sunan wanda ya ƙera, ba matakinsa na 80 Plus, wato ma'aunin rashin ɓarnar wuta, ko Bronze ne ko Gold. Madabod ma shiru. Abin da ido ke gani a kwali shi ake ƙawatawa, abin da ke ɓoye kuma nan ake rage kuɗi.

Ni da kaina na sha wannan. Ta biyun da na saya, firosesarta ta manya ce, amma da na ɗora mata aikin tace bidiyo sai fankarta ta kama ihu, zafi ya doshi digiri 100, ita kuma firosesa in ta kai nan rage gudu take yi don kada ta ƙone. Wato na biya kuɗin doki, an ɗaure masa ƙafa. Da na buɗe, sai na tarar da ɗan ƙaramin abin sanyaya da bai dace da ita ba, ga RAM sanda ɗaya tal, alhali sanda biyu ne ke ba da hanya biyu ta zirga-zirgar bayanai. Wannan duk mai sauƙi ne, na gyara. Abin da ya ƙona min rai ya zo bayan shekara biyu, da na so canja katin hoto. Akwatin wutar ba zai iya ɗaukar sabon ba, na ce to a canja shi, ashe bakin wayarsa na kamfanin ne shi kaɗai, madabod ɗin ma ba a kan ma'aunin ATX, wato tsarin girma da bakin waya na bai-ɗaya, aka yi ta ba. Tun 1995 Intel ya fito da wannan ma'auni, shi ya sa kayan kamfanoni daban-daban ke shiga juna. Wanda ya kauce masa, ya rufe maka ƙofar gyara ne. Haka na haƙura na sayar da ita a wulaƙance.

Kwatanta da wanda ya haɗa tasa a kan soket ɗin AM4 na kamfanin AMD, wato gurbin da firosesa ke zama a madabod, wanda ya fito tun 2016. Da yawan masu irinta sabunta BIOS (ƙaramar manhajar da ke cikin madabod) kawai suka yi, suka ɗora firosesar Ryzen 5000 a kan tsohuwar madabod, kwamfuta ta koma sabuwa.

Amma kada in yi rashin adalci, akwai tsadar da ke da hujja. Kwamfutocin manyan ayyuka irin su HP Z da Lenovo ThinkStation da Dell Precision, ba don wasa aka yi su ba. Suna ɗaukar RAM mai ECC, wadda ke gano kuskure ta gyara shi da kanta, an gwada su da manhajojin zanen injiniyoyi, sannan akan haɗa su da garantin da ma'aikaci zai zo har ofis ya gyara. In kwana ɗaya ba aiki asara ce babba a wurinka, wannan ratar ba ɓarna ba ce. In kuwa Word da intanet ne aikinka, ka sayi babbar mota don ɗaukar buhu ɗaya.

Apple kuma nasu daban ne, lissafin biro da takarda ba ya yi musu daidai, domin tun da suka fito da firosesarsu ta M1 a 2020, ba za ka samu firosesarsu a kasuwa ita kaɗai ba. Ƙaramar kwamfutar teburinsu, Mac mini, ba ta shan wuta sosai, ba ta da ƙara, kuma a matakin farko kuɗinta bai wuce hankali ba. Ciwon yana wajen ƙari. RAM ɗin a haɗe take da firosesa, ba a ƙara ta daga baya, don haka dole ka saya tun ranar farko a farashin da suka yanka, wanda ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba.

Lokaci ma yana da tasiri. A 2021, da masu haƙar kirifto, wato kuɗin intanet, suka wawashe katunan hoto, sayen haɗaɗɗiya ya sha fin sayen katin shi kaɗai sauƙi. Fitilu masu launi da gilashin gefe kuwa, ba sa ƙara gudun komai.

Ka turo mana cikakken jerin kayan wadda kake so ɗin, musamman akwatin wuta da madabod, da ko akwai ramin RAM da ya rage. Ka kuma faɗi aikin da za ka yi da ita, sai mu tara lissafin tare.