Amsa kan matan leƙen asiri a littattafan soyayya

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Yaya, na saurari tambayarki, ko matan nan masu leƙen asiri da muke karantawa a littattafan soyayya na yaƙin neman 'yancin Amurka sun taɓa rayuwa, ko kuwa marubuta ne suka ƙago su.

Maganar tana da tushe. A 1778, lokacin da birnin New York yake hannun sojojin Ingila, hafsan Amurka Benjamin Tallmadge ya kafa wa George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, ƙungiyar asiri mai suna Culper, wadda take rubutu da tawadar da ido ba ya gani, tana kuma sa lamba a madadin kalma, har shi Washington ɗin 711 ake rubuta shi. A wata wasiƙa ta watan Agustan 1779, ɗaya daga cikinsu, Abraham Woodhull, ya ambaci taimakon wata 355, lambar da take nufin mace a kundinsu. A kan wannan ambato guda marubuta suka yi mata suna da kamanni, suka ba ta masoyi cikin hafsoshin abokan gaba.

Ban ga laifinsu ba, amma ni labarin Peggy Shippen ya fi tsaya mini a rai, domin shi ya faru. 'Yar masu hali ce a Philadelphia, ta saba da hafsan Ingila John André sa'ad da suka mamaye garin, sannan a 1779, tana da shekara 18, ta auri Janar Benedict Arnold na Amurka. Ba a daɗe da ɗaura auren ba mijin ya fara aika wa André saƙon asiri. A Satumban 1780 aka kama André da takardun sansanin sojojin Amurka na West Point, waɗanda Arnold ya ba shi, ɓoye cikin takalminsa, aka rataye shi ranar 2 ga Oktoba. Arnold ya tsere, ya bar ta da jariri, ita kuwa ta yi ta kururuwa kamar wadda ta zauce, har Washington ya yarda ba ta da hannu, alhali ta san da maganar.

Wannan wurin nake so marubuciya ta tsaya ta nuna mana, Yaya: mace rungume da ɗanta tana kuka a gaban mutumin da mijinta ya ci amanarsa, tsoronta na gaske ne, kuma da shi take rufa wa kanta asiri.