Wai injin robot zai iya tayar da wanda lakarsa ta samu rauni?

Wata baiwar Allah ta rubuto: Likita mijina yayi hatsarin mota, tun daga nan ƙafafunsa basa motsi, naga bidiyon wani inji da ake ɗaura wa mutum ya miƙe yana tafiya, dan Allah zai warkar dashi?

Allah ya bashi lafiya Hajiya, sannu da jinya. Gaskiya injin nan baya ɗinke lakar da ta yanke. Ki fara tambayar likitansa, lakar ta katse ne gaba ɗaya ko da sauran jijiyoyin da suka tsira? In yana jin taɓi a ƙasan wajen ciwon ko yana ɗan motsa ko da yatsa ɗaya ne, toh da sauran hanya tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙafa, kuma irinsu su suka fi cin moriyar abin. Akwai wani inji mai suna Lokomat na ƙasar Suwizalan, ana rataye mutum da ɗamara a kan injin tafiya a ɗaure masa cinya da ƙwauri, injin yayi ta ɗaga ƙafa yana saukewa sau ɗaruruwa, aikin da a da sai ma'aikatan gashin ƙashi biyu ko uku sun durƙusa suna yi da hannu har su galabaita. Wannan maimaicin ne ke horar da jijiyoyin da suka rage.

Wani matashi kuma yace in ya samu wanda ake sawa a jiki shikenan ya rabu da keke?

Kar ka yi saurin yada kekenka ɗan'uwa. ReWalk dai, ɗaya daga cikin injinan da ake sawa a jiki, tun 2014 hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka ta yarda a yi amfani dashi a gida, amma sai da sanduna biyu, sai hannu mai ƙarfi, nauyinka kuma kar ya wuce kilo 100. Dole a gwada ƙwarin ƙashi tukuna domin ƙafar da ta daɗe bata taka ba ƙashinta na yin laushi, karaya ba wuya. Ga shi ba sauri, Claire Lomas, wata 'yar Birtaniya mai raunin laka da ta yi gudun fanfalaki na Landan dashi a 2012 kwana 17 ta ɗauka.

Wani dattijo: an ce lakata ta katse duka, akwai amfanin wahalar?

Akwai Baba. Da yawa suna samun sauƙin bahaya da raguwar ɗaurewar nama, zuciya ma tana motsawa. Sai dai duk ranar da aka kwance madaurin a duba fata sosai tunda ba jin gogar kuke ba, ɗan ja kaɗan kan zama gyambo. In raunin daga ƙashin T6 ne (ƙashin baya na saitin ƙirji) zuwa sama kuma kuka ji ciwon kai mai tsanani da gumi ana cikin atisaye, a tsaya nan take, a zaunar daku a miƙe, a sassauta madauri a duba robar fitsari ko ta lanƙwashe, jini ne ya hau kuma yana da haɗari.