Kiwon Mesa Mai Launi: Ina Ribar Take?

Wani ɗan kasuwa daga zangon Kumasi ya aiko da tambaya, yana cewa ya ji ana sayen ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa da tsada a Amurka da Turai, shin ya zuba jarinsa a kiwonta?

Alhaji, wannan mesa, wadda masana ke kira Python regius, 'yar Afirka ce, kuma Ghana da Togo da Benin ne suka fi fitar da ita waje. Sai dai mai launin daji ba ta da wani farashi a Amurka da Turai. Launin da ba a saba gani ba shi ake zuba wa kuɗi, launi kuwa gado ne, don haka sai ka san yadda gadon ke tafiya kafin ka san ribarka.

Ɗauki zabiya, wadda Bob Clark ya fara ƙyanƙyashewa a Amurka a 1992. Launinta ba ya bayyana sai ɗan ya gaji ƙwayar halittar wannan launi daga uwa da uba duka. Idan iyayen biyu suna ɗauke da ita a ɓoye, a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ake sa ran ya fito zabiya, alhali macen ƙwai wajen shida take yi, sau ɗaya a shekara in an dace. Kana iya wayar gari ba ko zabiya ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne mai ɗauke da ƙwayar a ɓoye kamarta ɗaya da ta daji, saboda haka duk dillalin da ya ce maka tana da ita amma ya kasa nuna asalin iyayenta, magana kawai ya sayar maka.

Launin da ake kira fastel kuwa gado daga ɓangare ɗaya ya isa, kusan rabin 'ya'yan kan fito da shi, shi ya sa ya yawaita da wuri, farashinsa ya faɗi warwas. Haka kowane sabon launi yake yi da zarar masu kiwo sun yi masa rubdugu. Tunda macen kan kai shekara uku kafin ta fara ƙwai, kada ka yi lissafi da farashin yau, domin ba shi za ka tarar ba.

A tsawon wannan lokaci ɓeraye za ta ci daga aljihunka, ƙwan kuma yana bukatar kwana 55 zuwa 60 a ɗumin digiri 31 zuwa 32, abin da ba zai yiwu ba sai da wutar lantarki tsayayya. Fitarwa ma sai da takardar izinin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, daga sashen kula da namun daji na hukumar gandun dajin Ghana.

Shawarata ita ce kada ka taɓa uwar kuɗin shagonka, kada kuma ka ci bashi. Ka fara da kiwon ɓeraye tare da mesa mata biyu ko uku masu tabbataccen asali, sannan ka samo mai fitarwa mai lasisi ku yi magana kan farashi tun kafin ka sayi kejin farko.