Amsa ga ƙanena mai tambayar bindigar harbin barewa a Amurka

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni. Ina taya ka murnar samun gurbin karatu, Allah ya kawo ka lafiya. Ka ce kakanka maharbi ne, tun kana yaro kake binsa daji da bindigar toka, kuma ka ji labarin a nan Wisconsin barewa har cikin unguwa take shigowa, shi ne kake so in faɗa maka bindiga mai araha da ɗalibi zai iya saya. Labarin barewa gaskiya ne, da asuba in zan fita aiki ina ganinsu a bakin titi. Amma ka bari mu fara da takarda kafin ƙarfe, don nan ne yaranmu suke faɗawa rami ba su sani ba.

Kai da bizar ɗalibi zaka shigo, F-1. A dokar tarayya mai irin wannan biza an hana shi mallakar bindiga ko harsashi, kai ko riƙe ta aro ma. Ƙofar da aka bari ita ce lasisin farauta mai rai. Ka lura da kalmar mai rai ɗin nan, don namu na Wisconsin yana mutuwa ne ranar 31 ga Maris, in ka manta baka sabunta ba bindiga na ajiye a ɗakinka to ka zama mai laifi alhali kana zaune kana karatu, kuma laifin da zai iya cinye biza da digirin gaba ɗaya ne. Haka in abokai suka ce zo mu je filin gwajin harbi mu ɗan taɓa, baka da lasisi, ka ce musu a'a. Kada kuma ka ba wani kuɗi ya je ya sayo maka da sunansa, wannan babban laifi ne ku biyun duka. Ɗakunan kwanan jami'a kuwa ba a shiga da makami, sai ka san inda zaka ajiye kafin ka saya. In ka iso ka zauna da ofishin ɗaliban ƙasashen waje, in da hali ka ga lauya, doka tana canzawa kuma kowace jiha da nata.

Lasisin ma ba haka kawai ake bayarwa ba, duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1973 sai ya yi kwas ɗin koyon farauta tukun, hukumar DNR, mai kula da daji da namun daji a jihar nan, ita ce ke kula da shi. Kada ka raina shi don ka taso gidan maharba, ni na ƙaru sosai. Bayan nan ka je shago mai lasisi, ka cika fom 4473, takardar gwamnatin tarayya ta mai sayen bindiga, su bincika sunanka, sannan a miƙo maka.

To yanzu bindigar. Gaskiya ta ɗaya, barewa bata san kuɗin bindigarka ba. Nemi raifil mai sakata, wadda kake ja da hannu bayan kowane harbi, ita ce mafi sauƙin kuɗi da gyara da wankewa. Savage Axis, Ruger American, Mossberg Patriot, Winchester XPR, duk ajinsu ɗaya kuma duk suna aiki. Tawa Savage Axis II ce, da madubin saitinta a haɗe na saya, bata kai dala 500 ba a lokacin, jikinta roba ne ba kyau a ido, amma a yadi 100 tana zuba harsashi uku wuri ɗaya da tafin hannu zai rufe har da saura. In ka ga Tikka ranka zai biya, santsin sakatarta daban ne, amma bari sai ka fara ɗaukar albashi. Ta hannu ma ba laifi in ka je da wanda ya sani ya leƙa cikin bututun ya duba tsatsa, ya gwada kunamar da makullin tsaro. Abin da nake so ka yi a shago shi ne ka ɗora kowacce a kafaɗa kana sanye da rigar sanyi mai kauri, wadda idonka ya faɗa cikin madubi ba sai ka miƙa wuya ba, ita ce taka.

Girman harsashi shi ne inda mutane suke cika baki. Zaka ji ana cewa sayi magnum, wato mai harsashi mai ƙarfin gaske, kada ka saurara, tana naushin kafaɗa har mutum ya fara runtse ido kafin ya ja kunama, kuma harsashinta tsada. Ni .308 nake amfani da ita saboda duk ƙauyen da ka shiga zaka samu harsashinta. In kai ba mai jiki bane .243 ta ishe ka, ko 6.5 Creedmoor, naushinsu kaɗan ne. .30-06 da .270 tsofaffin hannu ne, dattawan nan su suke riƙewa. Amma in makaranta ta canza ka koma Ohio ko Iowa ka tsaya ka karanta dokarsu, can sun taƙaita irin harsashin da ake harbin barewa da shi, shi yasa .350 Legend da Winchester ta fitar a 2019 ta karɓu a wajensu. Madubin saiti 3-9x40, mai kusanto da abu sau 3 zuwa 9, ya wadatar, dajinmu na nan mai duhu ne, yawancin harbina bai wuce yadi 80 ba.

Kuɗin da ka rage a bindiga ka zuba shi a harsashin gwaji, wannan ita ce maganar da nafi so ka riƙe. Shekarata ta farko kwali ɗaya na harba, guda 20, na ɗauka na iya. Ranar buɗe farauta wata barewa ta fito tsakanin itatuwa, zuciyata na bugawa, ban jira ta tsaya ba na saki, harsashin ya same ta can baya wajen ciki. Muka bi jini a kan dusar ƙanƙara da tocila ni da dattijon da ya kai ni, ɗigo ɗigo, har ya ɓace a bakin wata fadama. Washegari muka dawo bamu ganta ba. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, dabba ce na sa wa azaba kuma ko naman ba a ci ba. Dattijon bai yi min faɗa ba, ya dai nuna min bayan kafaɗarsa da yatsa ya ce nan, kuma sai ta tsaya ta baka gefe. Daga nan ban sake shiga daji ba sai na ƙone kwali uku ko huɗu, a zaune, a durƙushe, da jingina a itace.

Batun halal na san zaka tambaya. Ina yin bismilla lokacin jan kunama, in na iske ta da sauran rai in yanka nan take da wuƙa mai kaifi. Malamin da na tambaya ya kafa min hujja da hadisin Adiyyu ɗan Hatim, cewa abin da makami ya huda a ci, wanda ya buge da faɗinsa kada a ci. Kai ma ka tambayi malaminka kafin ka taso don zuciyarka ta natsu.

Babban lokacin farautar barewa da bindiga kwana 9 ne kacal, yana farawa Asabar ɗin da ke gaban bikin Thanksgiving a Nuwamba, ana fara harbi minti 30 kafin fitowar rana. Dole rabin kayan jikinka daga ƙugu zuwa sama su zama ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, har hula, don kada wani ya ɗauke ka dabba. Sanyin kuwa ba irin na hunturun gida bane, ka zauna awa huɗu ba motsi yatsun ƙafa su daina jin komai, don haka takalmi mai kyau da safar ulu suna cikin lissafin kuɗin bindiga. In Allah ya baka sa'a sai ka yi mata rajista ta waya ko intanet, kuma ka kai kanta a gwada cutar CWD, mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara ganowa a jihar nan a 2002, mu bama taɓa naman sai sakamako ya fito. Naman ba kitse, yana yin kilishi da dambu yadda baka zato, matata tana ajiye ƙulli ƙulli a firiza har azumi.

Shawarata shekarar farko kada ka sayi komai. Zaka iso watan Agusta, ga karatu ga haya ga neman sanin gari. Yi kwas ɗin in ka samu sarari, Nuwamba ka bi ni daji ka zauna gefena ka gani da idonka, ina da rigar lemo ta biyu da zata yi maka. Ka gaida su Baba, ka turo min ranar da jirginku zai sauka.