Hedikwatar Gunduma Ta Koma Kufai?

Tambaya: Malam, na ji an ce a Amurka akwai garuruwan da suka taɓa zama hedikwatar gunduma, yanzu kuma babu kowa a cikinsu. Yaya hakan ta faru?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, musamman a yammacin ƙasar. Ma'adinai ne suka tara mutanen, da suka ƙare kowa ya kama gabansa. Dubi Bannack ta jihar Montana. An samu zinari can a 1862, har ta zama babban birnin yankin a 1864. Da zinarin ya ja baya, layin dogo kuma ya bi ta garin Dillon, sai aka mayar da hedikwatar gundumar Beaverhead can a 1881. A ganina wannan ne ya karya garin, domin idan kotu ta tashi, lauyoyi da 'yan kasuwa bin ta suke yi.

Haka Belmont ta Nevada, garin azurfa: garin Tonopah ya karɓe mata hedikwata a 1905. Ginin kotun Belmont na 1876 yana tsaye har yau, kuma ina jin takaicin yadda aka yi irin wannan gini, bai yi aiki ko shekara talatin ba.