Tufafin da aka daina sawa a gida: a sallama su a dunƙule ko a sayar ɗaya bayan ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ƙaramar 'yar kasuwa ce, jarina bai taka kara ya karya ba. Ina da akwatuna cike da tufafin da muka daina sawa, nawa da na maigida da na yara da suka yi musu kaɗan. Da yawa ba su ji jiki ba, wasu ma sau ɗaya aka sa. Ina so in sayar in ƙara a jari. Wata ta taya duka a dunƙule, amma kuɗin ya yi mini kaɗan ƙwarai. In sallama mata, ko in sayar ɗaya bayan ɗaya? Kuma yaya zan sa kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki sallama mata duka, kada kuma ki ce sai kin bi kowace riga kin sayar da ita daban. Wadda ta taya ba zaluntarki ta yi niyya ba. Mai saye a dunƙule tana yin lissafi ne da mafi lalacewar kayan, saboda ta san wasu za su yi mata kwantai, ribarta kuma tana cikin 'yan kaɗan masu kyau da ke tsakiyar tarin. Waɗannan 'yan kaɗan su za ki zare ki sayar da kanki, ragowar ki sallama mata. Aikinki duka shi ne ki gane waɗanne ne.

Ki zazzage akwatunan da rana a wuri mai haske, domin hasken ƙwan lantarki yana ɓoye tabo da koɗewa. Kowace riga ki juya ta baibai. Ki duba hammata da bayan wuya da bakin hannu, nan gumi ke barin rawayar tabo. A wando ki duba tsakanin cinyoyi inda yadi ke gogar juna, da cikin aljihu. Ki ɗan ja ɗinki ki ga ko zare zai buɗe, ki ɗaga yadin ya fuskanci haske don ki ga ƙananan hujin da asu ke yi, musamman a kayan ulu. Ki zuge zif sama da ƙasa. Robar ƙugu kuwa ki ja ta: in ta yi 'yar ƙara ko ta ƙi komawa yadda take, ta mutu. Sannan ki sansana. Warin ajiya yana fita da wanki da shanya, amma baƙin ɗigon fumfuna da ya shiga zare da wuya ya fita.

Da kin gama za ki ga kayan sun rabu da kansu. Akwai waɗanda ba su da aibi ko ɗaya, yadinsu da ƙarfi, yayinsu bai wuce ba. Akwai masu buƙatar ɗan gyara, kamar maɓallin da ya cire ko lafin da ya warware. Akwai na yau da kullum da suka ɗan sha wanki amma ana iya sawa, sai kuma tsumma. Kamfai da safa da singiletin da aka riga aka sa, ki cire su daga lissafi gaba ɗaya. Tsumma kuma kada ki cusa shi cikin ƙunshin da za ki sayar don ya ƙara yawa, domin riga ɗaya yagaggiya tana sa mai saye ta rage wa dukan ƙunshin daraja.

Game da gyara, ma'auninmu shi ne kada abin da za ki ba tela ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da kike sa ran samu a rigar. Maɓalli da lafi sun shiga wannan ma'auni. Canjin zif a wandon da ba shi da tsada bai shiga ba, gara ki sayar da shi a haka ki faɗi aibinsa.

Wanki shi ne inda mutane suka fi lalata kaya masu kyau da hannunsu. Ki karanta ɗan ƙyallen da ke wuya ko gefen ɗinki. Lambar da ke cikin hoton baho, 30 ko 40 ko 60, ita ce iyakar zafin ruwa a ma'aunin salshiyas. A hoton dutsen guga, ɗigo ɗaya yana nufin zafi kaɗan, biyu matsakaici, uku zafi sosai. Da'ira kuma tana nufin wankin ƙwararru da ba a sa ruwa. Ulu yana tsukewa a ruwan zafi kuma ba ya komawa, yadin roba yana ƙyalli ko ya narke in dutsen guga ya yi zafi da yawa, don haka ki goge shi ta baibai. Tabon jini da ruwan sanyi ake wanke shi, ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna. Tabon maiƙo ki ɗiga masa sabulun wanke-wanke na ruwa, ki bari minti 15 kafin ki cuɗa. Kuma kada ki goge rigar da tabonta bai fita ba, zafin guga yana kafe shi. Warin ajiya, rabin kofi na farin khal, wato vinegar, a ruwan ɗauraya yana taimakawa. Amma ki kiyaye ƙwarai: kada ki taɓa haɗa khal da bilic, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu. Bilic ɗin ma ba a sa shi a ulu ko siliki ko yadi mai talewa. In kina zargin kuɗin cizo ya shiga akwatin, ki wanke abin da zai jure a zafin 60, wanda ba zai jure ba ki ƙulle shi a leda ki sa a firiza mai sanyin 18 ƙasa da sifili har kwana huɗu. Kada ki ninke komai sai ya bushe ƙarau, domin ɗanshi kaɗan a cikin leda ya isa ya kawo fumfuna.

Yanzu batun farashi, kuma a nan muke so ki fi natsuwa. Ki manta da abin da kika biya ranar da kika saya. Mai saye ba ruwanta da wannan, abin da take auna rigarki da shi biyu ne: nawa sabuwar irinta take yau, kuma nawa ake sayar da gwanjonta. Ƙiyasin da za ki fara da shi: mai kyau marar aibi, tsakanin rubu'i da sulusin kuɗin sabuwa. Wadda ba a taɓa sawa ba, takardar kamfani na jikinta, tana iya kai rabi. Ta yau da kullum da ta sha wanki, kashi ɗaya cikin goma ma an gode. Kayan da tela ya ɗinka a kan awon jikinki sun fi faɗuwa, saboda kuɗin ɗinkin ba ya dawowa, kuma sai an samu mai irin jikinki. In yadin mai tsada ne kuma yana da faɗi, shi za ki tallata.

Ga misali da lambobi kawai. A ce sabuwa 100 take, kin sa taki 30. Wanki da guga sun ci 3, leda 1, kai wa mai saye 5, la'ada 4. Abin da ya shigo hannunki 17 ne. Yanzu ki ɗauki rigar da za ki sa wa 8: wankin nan da kaiwar nan ba su ragu ba, sun cinye ta duka. Dalilin da ya sa ƙananan kaya ba a sayar da su ɗaiɗai ke nan. Na yara ki haɗa su ƙunshi-ƙunshi bisa shekaru da jinsi, guda biyar zuwa goma, iyaye sun fi son haka domin yaro yana wuce kaya da sauri. Kafin ki ƙunshe, ki zare igiyar da ke hular riga ko wuyanta in ta ƙaramin yaro ce. Tana iya maƙalewa ta shaƙe shi, har ƙa'idar Tarayyar Turai ta hana sa ta a kayan yara 'yan ƙasa da shekara 7.

Ki bar wurin ciniki, ki ɗora kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan abin da za ki sallama, kuma ki yanke ƙarshen farashinki tun kafin a taya. Abin da ya yi mako biyu ba wanda ya tambaya, ki rage. Bayan wata ɗaya ki mayar da shi cikin na dunƙule. Ki kuma lura da lokaci: kayan sanyi ana fito da su 'yan makonni kafin sanyi ya shigo, in kin fito da su bayan ya wuce sai dai ki karyar.

In ta intanet za ki sayar, ko a WhatsApp ko Facebook Marketplace, ko manhajoji irin su eBay da Vinted a ƙasashen da suke aiki, ki karanta tsarin cajinsu tukuna. A ƙasashe da dama eBay yana cire kasonsa daga kuɗin mai sayarwa, Vinted kuwa a kan mai saye yake ɗora caji. A eBay ana iya tace bincike a ga abin da aka riga aka sayar, kuma wannan farashin ne gaskiyar kasuwa, domin kowa yana iya rubuta abin da yake buri. Hoto ki ɗauka da hasken rana a kan farin zane ko bango marar ado: gaba, baya, tambarin kamfani, sai aibin in akwai, a kusa. Kada ki gyara launi a waya. Ki rubuta awo, domin lambar girma tana yaudara: abin da ake kira 12 a kayan mata a Ingila kusan 40 ne a ƙasashen Turai da dama, 8 a Amurka, kamfanoni ma suna saɓawa. Ki shimfiɗa rigar, ki auna daga hammata zuwa hammata, da tsawo daga kafaɗa. Wando kuma ƙugu da tsawon ƙafa ta ciki. Yawancin rigimar mayar da kaya daga awo da ɓoyayyen tabo take tasowa, kuma wadda kika nuna wa tabo tun farko ba ta da bakin dawowa da ƙorafi.

Dillaliya tana rage miki wahala, amma ku rubuta komai kafin kaya su bar hannunki: guda nawa, ƙarshen farashin kowanne, la'adarta nawa, ranar da za ta dawo da abin da bai shiga ba, da wanda zai ɗauki asara in wani ya ɓace ko ya ɓaci. Ki ɗauki hoton kowane guda. Kada ki ba ta duka a karon farko, ki gwada ta da goma.

Kada ki saki kaya don an turo miki hoton shaidar biya ko saƙon waya. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki. Duk wanda ya ce ki turo masa wata lambar sirri da ta shigo wayarki don ya biya ki, ɓarawo ne, haka ma wanda ya ce ya yi kuskuren turo fiye da kuɗin ki mayar masa da ragowa. Bashi kuwa ki guje shi ko da 'yar'uwa ce ta nema, domin tsohuwar riga in ta shiga jiki ba ta dawowa da darajarta. Mai so a ajiye mata ta ba da kafin alƙalami, a sa mata kwana uku.

Tunda jari kike son ƙarawa, ki ware kuɗin nan daga na cefane, ki rubuta abin da ya shiga da abin da kika kashe a kan kowane guda. Za ki ga riba ta yi kauri, domin ba ki sayi kayan don sayarwa ba, babu uwar kuɗi a lissafin. Kada wannan ya sa ki ruga sayen dilar gwanjo. Dila a rufe ake sayenta, akwai uwar kuɗi a kanta, kuma a ciki za ki tarar da masu kyau da matsakaita da marasa shiga. In sana'ar ta yi miki, ki fara da karɓar kayan maƙwabta da 'yan'uwa ki sayar musu a kan la'ada, ko ki je ki zaɓi guda ashirin da hannunki a wurin masu fasa dila, ki ga kwana nawa za su ɗauka kafin su ƙare.