Amsa ga mai tambaya kan sikanin hantar ɗanta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce an tabbatar yana da sistik faiburosis, shekararsa 5, idonsa bai yi shawara ba, gwajin jinin hanta ma ya fito lafiya, amma likita ya dage sai an yi masa sikanin, har kina zargin ko cin kuɗi ne. Aikin sikanin nake yi a nan Gombe, kuma shawarata ki kai shi.

Ciwon na gado ne kamar sikila, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi. Ba a cika ganinsa a ƙasar nan ba, ya fi yawa a Turawa, kuma an fi saninsa da tari da majina mai kauri. Amma yadda majinar ke kauri a huhu, haka ruwan matsarmama ke kauri a hanta, ya riƙa toshe ƙananan hanyoyinsa, wurin ya yi ta tabo a hankali. Kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ciwon hantarsu kan taurare sosai, galibi tun suna yara. Ita kuwa hanta ba ta da ƙorafi. Shawara a ido sai tafiya ta yi nisa take fitowa, gwajin jini kuma yakan fito lafiya alhali ɓarnar ta soma.

A allon na'ura, lafiyayyar hanta sumul take kamar tuwon da ya tuƙu, wadda ta fara taɓuwa kuwa sai ka ga gudaji-gudaji, nan haske can duhu. Wannan ce alamar farko da muke farauta, domin yaran da aka gan ta a hantarsu sun fi shiga haɗarin ciwon ya yi tsanani nan gaba. Sai mu bi gefen hantar mu ga ko ya fara ƙurzunu, mu auna saifa, don idan jini ya kasa ratsa hanta yakan taru ya kumbura saifar. Wani lokaci kitse ne kawai ya sa hantar haske, wannan daban ne, kada ki ji an ce "kitse" hankalinki ya tashi.

Sikanin ɗaya ba ya yanke hukunci. Ƙa'idar da ƙwararru a Amurka suka fitar a 2023 ita ce a riƙa yi aƙalla duk shekara 2 tun daga shekara 3, jini kuma duk shekara. Amfanin yana cikin kwatanta na bana da na baya, kuma a nan ne iyaye ke ba ni ciwon kai: a zo da takardar bara a nannaɗe cikin leda, hoton ya koɗe fes. Ki ɗauka da waya tun ranar, ki riƙa komawa wuri ɗaya, in da hali asibitin koyarwa na nan Gombe ko na Bauchi.

Ki je da sassafe, kada ya ci komai kamar awa 4 zuwa 6, amma ki tambayi likita yadda za a yi da magungunansa. Ki riƙe masa kunu a fulas ya sha da an gama. Ba allura, ba zafi, sai sanyin man da ake shafawa a ciki, shi ke sa su zillo.

A wurinmu akwai wasu abubuwan da ke taɓa hantar yara, musamman ciwon hanta nau'in B da tsargiyar hanji ga masu wanka a rafi, don haka ki roƙi a duba su ma. Jiƙe-jiƙen maganin shawara kuma, don Allah a dakata. Idan kika ga aman jini ko baƙin kashi ko ciki na kumbura, kada ki jira ranar sikanin, ku wuce asibiti kai tsaye.